Zafin Damagaram da injin da ke cikin taya

Tun azumin 2025, lokacin da layi ya cika gidajen mai a ƙasar nan, maganar babur mai aiki da batir ta shiga bakin mutanen Damagaram. Dalilin a fili yake. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu a kan hanyar Tanut, an buɗe ta tun 2011 don ta tace ganga dubu 20 a rana, amma duk da haka sai da muka kwana a layi. Shekara da shekaru ruwa-ruwa ne ke rufa mana asiri, wato man da ake shigowa da shi ta Magarya da Matamai ana sayarwa a kwalabe bakin hanya. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, sai wannan rijiya ta fara ƙafewa. A 2024 aka rage kuɗin lita zuwa sefa 499, kowa ya koma gidan mai, matatar kuwa ta kasa ɗaukar kowa. Wanda ya wuni da ƙishirwar azumi yana tura babur cikin rana, idan aka ce masa ga wani babur da ba ya shan mai, ai dole ya saurara.

Ni ma na saurara, domin albashin malamin makaranta kowa ya san tsawonsa, kuma kusan kullum sai na yi tafiya a kan babur zuwa wajen aiki. Sai dai duk hirar da nake ji a fada da ofishin malamai a kan abu biyu take tsayawa: nawa ne kuɗinsa, kuma kilomita nawa yake yi kafin batir ya ƙare. Wani lokaci a ƙara da maganar wuta, tunda ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan juyin mulki. Ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda injin yake yi da zafi ba. A garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa kusan kowace rana ta Afrilu da Mayu, ni a ganina wannan tambaya ita ya kamata ta zo farko.

Wanda ya sa na shiga maganar nan da gaske wani tsohon ɗalibina ne, ɗan kabu-kabu. Ya sayar da babur ɗinsa na fetur, ya haɗa da kwasar adashi, mahaifiyarsa ta ƙara masa da kuɗin awaki biyu, aka kawo masa mai batir daga Kano. Duk lokacin hunturu ya ji daɗinsa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, mata ma sun fi son hawansa. Da bazara ta shigo, wata rana wajen ƙarfe biyu ya ɗauki wata mata da buhun hatsi, suka bar kwalta suka shiga yashi. Babur ya riƙa ja da ƙyar, shi kuma ya murɗe totur har ƙarshe kamar yadda ya saba yi wa na fetur. Can sai ya ji ƙauri, taya ta tsaya. Da yamma ya zo gidana a ƙasa.

"Mushe," in ji shi, "ku da kuka yi karatu, abin da ba ya cin wuta ta yaya zai ƙone?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa washegari muka tafi tare wajen mai naɗin kwayil, irin waɗanda ke gyaran fanka da injin ban ruwa, aka buɗe tayar muna kallo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, yawancin waɗannan babura injinsu a cikin tayar baya yake, babu sarƙa, babu giya. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cikin taya, kuma a 1900 Ferdinand Porsche ya nuna mota mai irin wannan inji a birnin Paris. Idan aka cire murfi, za a ga abu biyu. A tsakiya akwai dunƙulen ƙarfe da aka nannaɗe da wayar jan ƙarfe, yana manne da sandar da taya ke juyawa a kanta, shi ba ya motsi. A kewaye kuma, a jikin kwanon da ke juyawa tare da taya, an jera maganaɗisu an liƙe su da gam. Tsakanin naɗin waya da maganaɗisu akwai 'yar tazara, ba ta kai kaurin tsabar dala ba, babu komai a cikinta sai iska. Kada ka raina tazarar nan, a kanta duk maganar take.

Zafin a cikin waya ake haifarsa. Wannan darasi ne da muke koyar da yara a kwaleji da Faransanci, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, shi ya gano ƙa'idar wajen 1840: idan wutar da ke bi ta cikin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninki huɗu yake yi. Idan ta ninka uku, ya ninka tara. To yaushe inji ke jan wuta da yawa? Lokacin da aka ɗora masa kaya, ko yana hawan tudu, ko ya nutse a yashi, wato daidai lokacin da yake tafiya a hankali kuma iska ba ta bugunsa. Wani abin haushin, jan ƙarfe idan ya yi zafi ƙara taurin kai yake yi wa wuta: kowane ƙarin digiri 100 yana ƙara masa turjiya da kusan kashi 40 cikin ɗari, turjiyar kuma ta ƙara zafi. Zafi na haifar zafi ke nan.

A yi lissafi mai sauƙi. Injin da ke cin wat 1000, idan yana cikin jin daɗinsa a kan kwalta, wajen 800 ne ke zama tafiya, 200 su zama zafi. Ka ɗauka ka kunna tsofaffin ƙwan fitila biyu masu wat ɗari-ɗari, ka sa su a tukunya ka rufe. A cikin yashi da kaya kuwa, rabin wutar ma na iya komawa zafi. Ina zai bi ya fita? Dole ya tsallake tazarar iskar nan kafin ya kai ga kwano, sannan iskar waje ta ɗauke shi. Ita kuwa iska idan tana kulle ba ta da zuciyar ɗaukar zafi, shi ya sa bargo ke riƙe ɗumi, shi ya sa kwanon kula ke ajiye tuwo har dare. Saboda haka sai ka taɓa kwanon taya ka ji ɗumi kawai, alhali a ciki waya ta wuce digiri 150, fentin da ke raba zare da zare ya soma narkewa. Da zarar ya narke, wayoyi su taɓa juna, shi ke nan. Abin da muka gani ke nan a tayar yaron: gefe ɗaya na naɗin ya yi baƙi ƙirin kamar an gasa shi a murhu.

Aka yi sabon naɗi, ya biya kuɗin da ya kai cinikin mako biyu. Mai naɗin, dattijo ne mai hankali, ya ce masa a huda murfin a yi tagogi iska ta riƙa shiga. A wata ƙasa wannan shawara tana aiki, kuma mutane suna yi. A nan ban yarda da ita ba, na kuma faɗa masa.

"Baba, ƙurar garin nan fa? In hunturu ya zo, ko damina ta cika kwararo da ruwa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce lallai ƙurar bakin garaji akwai garin ƙarfe a cikinta, maganaɗisu kuma ba zai bar shi ya wuce ba. Muka bar maganar huda.

Bayan kwana kaɗan yaron ya dawo da waya a hannu, ya nuna mini wani bidiyo: wani Bature yana ɗura mai a cikin tayar keke da sirinji. Wannan ita ce dabarar da ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san za ta yaɗu a garejin garin nan, kuma rabinta gaskiya ne. Mai ya fi iska ɗaukar zafi da kamar ninki biyar ko da yana tsaye, balle a ce taya na juyawa tana watsa shi a jikin waya yana gangarowa jikin kwano. Mu ma muna ganin irin wannan kullum ba mu lura ba. Taransifomar NIGELEC da ke bakin unguwa cike take da mai, ba don wani abu na juyawa a ciki ba, sai don man ya kwaso zafin naɗin waya ya kai shi jikin tanki. Manyan motocin lantarki na zamani da yawa, irin su Tesla Model 3, da mai ake sanyaya injinsu. Ma'abota keken lantarki a Turai da Amurka sun daɗe suna zuba man giyar mota mai canza kanta, wannan ja ɗin, saboda ba shi da kauri kuma yana jure zafi.

Amma taransifoma an gina ta ne don ta riƙe mai. Tayar babur ba a gina ta don haka ba. Murfinta ba a toshe shi kamar na injin fetur ba, boris ɗinta an yi shi ne don ya tare ƙura, kuma wayoyi ta cikin ramin sanda suke fitowa. Idan ciki ya yi zafi iska ta kumbura, sai ta turo man ta duk inda ta samu hanya: ta bakin murfi, ta boris, har ta cikin rigar waya ya bi ya ɗiga can nesa. Mafi muni shi ne ya sauka a kan birki. Ɗan kabu-kabu da fasinja a baya, a cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya taka birki ya ji santsi, wannan ya fi ƙonewar inji tsada. Sannan ba kowane gam da kowace roba ke jure zama cikin mai ba. Idan gam ya saki, maganaɗisu ya zame, tayar ta zama ta gwangwan.

Akwai kuma maganar wane mai. Mu a nan idan aka ce mai, abin da ke kusa shi hannu ke kaiwa. Baƙin mai da aka juye daga inji akwai garin ƙarfe da dauɗa a cikinsa, kai tsaye zai je ya manne a maganaɗisu. Man gyaɗa ko na ja, in ya sha zafi na wata da watanni, danƙo yake zama. Wanda ya cika tayar fal kuma ya ƙara wa inji nauyin juyawa, ya ƙara wa man hanyar tsiyaya. Masu yi ɗan kaɗan suke zubawa, su toshe bakin murfi da kyau, su bar 'yar kafar numfashi kusa da sanda inda mai ba ya kaiwa.

Wani kamfani a Vancouver ta ƙasar Kanada, Grin Technologies, ya bi ta wata hanya mai ban sha'awa. Akwai wani irin mai da aka gauraya da garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya gani, wanda wani injiniyan hukumar NASA, Steve Papell, ya ƙirƙiro a 1963. Maganaɗisu yana jansa. Da daɗewa ana sa shi a cikin lasifika don ya sanyaya ta. Su sai suka sa shi a tayar keke, suka ba shi suna Statorade. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ake zubawa, maganaɗisu ya riƙe shi daidai a tazarar nan, ya zama gada tsakanin waya da kwano, ba ya yawo balle ya nemi hanyar fita. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi dacewa da injin da ba shi da giya a ciki. Ƙananan injunan keke masu haƙoran roba a ciki ba sa amfana da ita haka. Matsalarmu da shi ɗaya ce: daga Kanada zuwa Zinder, kuɗin aike ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya da ni, domin nan ne bidiyon bai faɗa ba. Mai ba ya kashe zafi. Ɗan dako ne, daga ciki yake ɗauko shi ya ajiye a jikin kwano, sauran aikin na iskar waje ne. Ita kuma iska gwargwadon bambancin da ke tsakaninta da kwanon take ɗauka. Baturen da ya yi bidiyon, idan kwanonsa ya kai digiri 70 iskar garinsu tana 20, tazarar 50 ce. Mu idan kwano yana 70 iska tana 43, saura 27. Kusan rabi ke nan, kafin a lissafa tururin kwalta da ranar da ke dukan baƙar taya. Dabarar da ta ba shi damar hawan dutse ba fargaba, mu ɗan numfashi kawai za ta ƙara mana.

Sannan a tuna a jikin wannan kwanon maganaɗisu suke. Irin na gama-gari, mai araha, daga digiri 80 yake fara rasa ƙarfinsa, kuma in ya rasa ba ya dawowa. Akwai masu jure 120 ko 150, amma sun fi tsada, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin wanne aka sa masa tunda a rufe abin yake zuwa. Maganaɗisu in ya yi rauni, inji sai ya ƙara jan wuta kafin ya ba da ƙarfin da ya saba, mun koma wajen Joule. Wato mai ya ceci waya, ya tura barazanar wajen maganaɗisu. A ƙasa mai sanyi wannan ciniki ne mai riba. A Damagaram cikin Afrilu sai an yi shi da ido buɗe.

Duk wannan na zauna na bayyana wa yaron da dattijon, da Hausa, ina zane a ƙasa da tsinke. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da suka fahimta. Dattijon bai taɓa shiga aji ba, amma da na ce wuta biyu zafi huɗu, sai ya ce ai shi ya sa injin ban ruwa ke ƙonewa idan wuta ta yi ƙasa yana gurnani bai tashi ba. Shekara talatin yana ganin abin, ba wanda ya taɓa ba shi ƙa'idar. Mu kuma muna da ƙa'idar a allo, a harshen da yara ke tsoro, ba mu taɓa kai su su ga ƙonannen naɗi ba. A makarantar horar da malamai an koya mana mu fara darasi daga abin da yaro ya sani. Sai ga shi abin da ya sani yana bakin kasuwa, mu muna cikin littafin da aka buga a Faransa. Garin da Sarki Tanimun ya sa maƙeransa suka zuba igwa tun kafin Bature ya iso, bai kamata a ce ya kasa fahimtar abin da ke cikin taya ba.

A ƙarshe sun yanke shawarar gwadawa, tunda babu wani garanti da za a ce an karya. Dattijon ya sayo man giya sabo, ya shafa gam mai jure zafi a bakin murfi, ya zuba kaɗan. Kwana biyu sai ga yaron a guje.

"Mushe, abin ya ɓaci. Da ina iya ɗora hannu a tayar, yanzu wallahi ba ta taɓuwa."

Na ce masa wannan zafin da yake ji, da ma yana nan, a ciki yake ɓoye yana cin waya. Yanzu ya fito inda hannu zai gaya masa gaskiya. Idan kwano ya kai yadda ba zai iya riƙe tafinsa a kai ba na ɗan ƙidaya, to ya nemi inuwa ya tsaya. Ya dube ni kamar bai gamsu ba, amma ya riƙe maganar.

Abin da nake ganin zai fi taimakon mu bayan mai shi ne faɗaɗa jikin kwanon. Dubi kan injin babur na fetur, duk haƙarƙari ne, an yi su ne don iska ta sami wurin kamawa. A wasu ƙasashe ana sayar da irin waɗannan haƙarƙari na alminiyam da ake ɗaurawa a kewayen injin taya. Muna da masu zuba tukwane da ludaya daga tsofaffin gwangwanaye a garin nan, in an ba su awo, ban ga abin da zai hana su zuba wannan ba. Na kai wa ɗaya daga cikinsu zane, ya ce in kawo tayar ya gani da idonsa. Akwai kuma akwatin da ke raba wa inji wuta, wanda a wasu babura ana iya rage masa iyakar abin da zai saki. Rage kashi 20 cikin ɗari na wutar yana sauke zafin waya da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Babur zai rage zafin nama wajen tashi, matasa kuma ba sa son jin haka.

Batir ma yana da tasa rigimar da zafi, a taƙaice: irin na litiyam ba a son a yi masa caji yana sama da digiri 45, irin na dalma kuma kwanansa raguwa yake sosai a ƙasa mai zafi. Wanda ya dawo daga aiki tsakar rana ya jona shi nan take a ɗakin kwano yana rage masa kwana. A Kigali da Kwatano da Lome, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro musayar batir suke yi wa 'yan acaɓa, ka ajiye wanda ya ƙare ka ɗauki cikakke, kula da shi yana wuyan kamfani. A nan kowa da nasa, asara ma tasa ce shi kaɗai.

Abokan aikina biyu sun tambaye ni ko su saya. Wadda gidanta da makarantarta duk a kan kwalta suke, ita kaɗai take hawa, da safe ta tafi da yamma ta dawo, na ce mata ta saya, ba ta ma buƙatar zuba komai a taya. Wanda yake koyarwa a ƙauye bayan Mirya, kilomita da yawa cikin yashi, ga iyali ga buhu, na ce ya dakata, ko ya nemi irin wanda injinsa ke tsakiya yana ja da sarƙa, domin shi yana samun iska kuma yana juyawa da sauri ko taya na tafiya a hankali. Ni kaina har yanzu na fetur nake hawa, hanyata rabi kwalta ce rabi yashi.

Yaron kuwa ya sake tsarin aikinsa. Daga sallar asuba yake fita har wajen sha ɗaya, ya ajiye babur a ƙarƙashin bedi, sai bayan la'asar ya koma. Ba ya ɗaukar buhu da mutum tare, in an nuna masa hanyar yashi yakan ce a nemi mai fetur. Cinikinsa ya ragu, amma ba ya sayen mai, kuma tayar ta ga ƙarshen bazara ba ta sake ƙauri ba. Man yana ɗan tsatsowa ta gefen da waya ke fita, shi ya sa ya ɗaura tsumma a wurin, kowace safiya kafin ya hau sai ya durƙusa ya shafa birki da yatsa ya duba. Saura zubi uku ya gama biyan adashin, awakin mahaifiyarsa kuma ya mayar da ɗaya.